Yadda ake ƙara wa mota babban faifan birki da kalifa mai ƙarfi

Babban faifai maganin zafi ne. Idan birkinka na kama taya har ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ya fara tsalle, girman faifai ba zai rage maka nisan tsayawa ba. Wannan aikin taya ne. Amfaninsa yana fitowa ne ga mai yawan lodi ko mai sauka gangara irin Hawan Kibo a jihar Filato, inda birki ke ɗaukar zafi har ya saki.

Kafin ka sayi komai, yi awo. Ramukan noti da ramin tsakiyar faifan dole su yi daidai da hob ɗin motarka, wato ƙarfen da ake ɗaura faifai da taya a kansa: Camry da Accord masu noti biyar suna kan 5×114.3 (noti biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3), amma ramin tsakiyarsu ba ɗaya ba ne. Sai rim. A bar aƙalla milimita 3 tsakaninsa da kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan idan an taka birki, a kuma gwada safaya, don sau da yawa ita ce ba ta shiga. Biraket ɗin da zai matsar da kalifa waje a sayo wanda aka ƙera wa motar. Na walda ba abin yarda ba ne.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne girman fistin ɗin da ke cikin kalifa. Kalifa mai manyan fistin tana shan man birki fiye da abin da masta, wato famfon da feda ke dannawa, ke turawa, sai feda ta yi nisa kafin ta kama, birkin gaba ya rinjayi na baya. Nemi wadda jimlar faɗin fistin ɗinta ke kusa da ta asali.

Wajen ɗaurawa, a kankare tsatsar fuskar hob tas, in ba haka ba faifan zai zauna a karkace, sitiyari ya riƙa rawa. A wanke maiƙon da ke jikin sabon faifai. Notin cire iska na jikin kalifa ya kalli sama. Idan yana ƙasa, an musanya ta hagu da ta dama, kuma iskar ba za ta taɓa fita ba. A zuba man birki DOT 4, wanda sabonsa ke jure digiri 230 na Celsius kafin ya tafasa, na DOT 3 kuwa 205. Kada a haɗa da DOT 5.

Daga nan, don fad (takalmin birkin da ke gogar faifai) ya zauna daidai a kan sabon faifan, a hau titi marar cunkoso, a taka birki sau takwas zuwa goma daga gudun kilomita 80 zuwa 20 ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiyar minti goma ya huce. Riƙe feda a tsaye faifai na da zafi yana barin tabon fad a jikinsa, daga baya birki ya fara karkarwa.