Yadda Nake Haɗa Fiffiken Ƙaramin Jirgin Balsa Mai Rimot

Ka fara da samun allo shimfiɗaɗɗe sosai, domin idan allon ya karkace, fiffiken ma haka zai fito. Shimfiɗa takardar zanen fiffiken a kai, ka rufe ta da siririyar leda don kada gam ya kama ta.

Haƙarƙarin fiffike, wato ƙananan fallayen da ke ba shi siffarsa, ina yanka su daga balsa (wani katako mai laushi mara nauyi) mai kaurin milimita 1.5 ko 2, da sabuwar reza. Ka haɗa su wuri guda ka goge da samfefa har su zama daidai. Ga sabon hannu, siffar haƙarƙari da ake kira Clark Y ta fi sauƙi, tunda ƙasanta a miƙe yake, tana kwanciya lif a kan allo.

Sandar da ke ratsa tsawon fiffiken ita ke ɗaukar nauyi, don haka na fi son katako mai ƙwari a nan. Kada ka soka fil a cikinta, tsagewa za ta yi. Ka gicciya fil biyu a kanta. Jera haƙarƙarin tsaye cak a kan sandar, ɗigon gam ɗaya ya ishi kowane. Gam mai yawa nauyi ne kawai.

Bar shi ya kwana a kan allon kafin ka cire fil, sannan ka rufe da ledar da ake mannawa da dutsen guga mai ɗan zafi.