Babi na 7: Tara gorar roba a unguwa

Darasi na 1. Wace gora muke nufi?

Toh iyayena da ƙannena, wanga babi na gorar roba ne, irin wadda ake saida ruwa ko lemo a ciki, in an shanye a wurga a lambatu. Ba leda ba. Ita leda gwamnatin Nijar ta yi dokar hana ta tun 2014, ko da yake kowa na ganin ta maƙale ga itace har yau. Wanda ya bi ta unguwar Sabon Gari ko Zariya ko bakin babbar kasuwa nan Maradi bayan ruwan watan Agusta ya ga yadda gorunan nan ke toshe hanyar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai, a wayi gari yara na kwance da masassara, sauran gorunan kuma ruwa ya kwashe su ya kai Gulbi. Mu tarawa za mu yi mu saida.

Darasi na 2. Juya gora ka duba gindinta

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka a hankali za mu tafi, ba gaggawa.

Ɗauki gora guda da hannun hagu. Juya ta, baki ƙasa, gindi sama. Ba takardar da ke jikinta za ka duba ba, gindin. Matsa inda ke da haske, bakin zaure ko tsakar gida. Za ka ga ƙaramin zane mai kusurwa uku, a cikinshi akwai lamba. In ba ka gani ba a gindi duba gefe can ƙasa-ƙasa, in ido ya yi rauni shafa da yatsa, zanen a kumbure yake za ka ji shi.

In ka ga 1, wato sanda guda a tsaye, gorar ruwa ce ko ta lemo, wadda kake hango hannunka ta cikinta. Sa ta buhun dama. In ka ga 2, roba ce mai kauri da ba a gani ta ciki, irin ta jarka da ta sabulun ruwa. Sa ta buhun hagu.

Mu sake. Ɗauka, juya, gindi sama, nemi kusurwa uku, karanta. Inna kar ki ji kunya in kin ɗauki lokaci, wadda ta iya gane hatsi mai kyau a kasuwa da kallo ɗaya lamba biyu ba za su gagare ta ba. Juya ta. Yawwa.

Dalilin rabawar shi ne a masana'anta narka su ake, kuma ba zafi ɗaya ke narka su ba, mai lamba 2 tana narkewa wajen digiri 130, mai lamba 1 sai an kai wajen 250, in anka haɗa su tukunya guda aikin ya ɓaci, shi ya sa mai saye ke karya kuɗin buhun da anka cakuɗa. Ga gwaji da za ku yi a gida: yanki ɗan guntun gora mai lamba 1, ku jefa shi a kwanon ruwa tare da murfinta. Guntun zai nutse, murfin ya taso sama. Kun ga ko murfin ma ba irin robarsu ɗaya ba.

Amma dan Allah a daina cewa "ai na san ta da ido". Ba ka san ta ba Malam. Juya ta. Kullum sai an samu mai cika buhu da sauri don a ce ya fi kowa, a zazzage a tarar rabi ba wurinsu ba, mata su zauna su sake tsincewa cikin rana, wannan ba ƙoƙari ba ne, ɗora ma wasu aiki ne. Gora ɗari, juyi ɗari. Wadda ba ka ga lamba gare ta ba aje ta gefe ka tambaya.

Aiki: rubuta 1 da 2 sau goma a littafinka. Zana kusurwa uku, sa lamba ciki.

Darasi na 3. Wanki da takewa

Kwance murfi, sa shi a kwano daban. Ɗauraye gora da ruwan da anka gama wanki da shi, ba sai ka ɓata na sha ba. Kife ta ta bushe. Masu kyau da ba su lotse ba a ware ma masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa, su da murfinsu suke so kuma guda-guda suke saye. Sauran a take da ƙafa su yi falan-falan don buhu ya ci da yawa. Kafin ka take, ka juya ka duba lamba?

Gorar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari na gona ko fetur ba ta shiga buhu, kuma ko an wanke ta sau nawa ba a zuba abin sha a ciki. Kar a ƙona gora, hayaƙin na cutar da ƙirji.

Darasi na 4. Ƙungiya

Gida guda ba ya cika buhu da wuri, sai an haɗu. Masu cikin asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro nan jihar Maradi a 1991, sun riga sun san tsarin, rana guda a mako, mai riƙe littafi, mai riƙe kuɗi. Haka za a yi. A shaida ma mai unguwa, a nemi kango ko zaure na ajiya inda awaki ba su shiga. A rubuta sunan kowa da abin da ya kawo.

Darasi na 5. Sayarwa

'Yan gwangwan da kilo suke saye. Ku tambayi mutum biyu ko uku kafin ku sallama. Mutum biyu su tsaya wurin sikeli, a rubuta nan take.

Darasi na 6. Lissafi

In mace 4 sun raba jika 2 daidai, nawa kowa ta samu? A yi a gida, a kawo ran Asabar tare da gora biyar da anka riga anka duba lambarsu.