Yadda nake raba agwagi da kaji saboda murar tsuntsaye

Gidanmu a Argungu ba shi da nisa da fadama, kuma da sanyi ya shigo sai tsuntsayen ruwa na ƙetare su sauka can. Agwagina kuwa, da an sake su can suke nufa. To fara da wannan: kada agwagwa ta haɗa ruwan sha da kaji. Takan ɗauko ƙwayar cutar tana yawonta lafiya ƙalau, tana zubar da ita cikin kashi, kaza ce za a wayi gari ta mutu. Ni na yi wa agwagi nasu akurki a bayan gida, kaskon ruwansu daban.

Wani malamin dabbobi ne ya fahimtar da ni dalili. Ƙwayoyin halittar wannan cuta ba a dunƙule suke ba, gutsure takwas ne. In iri biyu suka haɗu a jikin dabba ɗaya sai su yi musayar gutsure, kamar gero da dawa sun zube a tabarma ɗaya an kwashe a gauraye. Haka murar da ta bazu cikin mutane a duniya a 2009 ta fito, da gadon tsuntsu da alade da mutum. Shi ya sa ranar da nake mura ba na leƙa akurki, ƙanena ke zuba dusa.

Gutsuren da ake kira HA shi ne makullinta na shiga jiki, kuma na tsuntsu bai cika dacewa da hancin mutum ba. Amma canji ɗaya a wani gutsure, PB2, kan taimaka mata ta hayayyafa a jikin da bai kai na kaza zafi ba, kamar na mutum. Duk sabon jikin da ta shiga, wurin gwada sa'a ne. A 2024 har shanun madara ta kama a Amurka. Don haka kada ka jefa wa kare ko kyanwa mushen kaza. Sa leda a hannu, haƙa rami mai zurfi, ka binne.

Kazar da ka sayo daga kasuwa, ware ta sati biyu tukuna. In ka ga kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, ko sun zube da yawa dare ɗaya, bar maganar "kawo wuƙa kafin ta mutu". Na san asara da ciwo, amma wajen yanka da fiɗa ne mutum ya fi kamuwa. Kira ma'aikacin dabbobi ya ɗauki samfur; a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, Jihar Filato, ake gwadawa. Kafin amsa ta zo, ko ƙwai kada ya fita daga gidan.