Babi na Bakwai: Yadda Ake Karanta Takardar Gwajin Jini ta Dattijo

Darasi na 1: Nemo layin

Ku shimfiɗa takardar a gabanku. Kada yawan lambobi ya tsorata ku, layi uku kawai muke nema. Ku ɗora yatsa a gefen hagu, ku riƙa saukowa a hankali har ku ga haruffa uku, W da B da C. Wannan shi ne jimillar fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta. Ku ƙara saukowa za ku ga L da Y da M. Wannan shi ne limfosait, iri ɗaya daga cikin fararen ƙwayoyin. Kun samu? Madalla.

Darasi na 2: LYM biyu ne

A nan ne akasarinku kuke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a kai. LYM na farko yana da alamar %, wato kashi cikin ɗari. Na biyu yana da alamar #, shi ne ainihin adadin. Mai alamar # muke bukata. Ku faɗa da baki: mai alamar #.

A babban mutum, adadin yakan tsaya tsakanin 1.0 da 4.0, wato 1,000 zuwa 4,000 a ɗan mitsitsin ma'aunin jini. Ɗakunan gwaji sukan ɗan bambanta, saboda haka ku duba iyakar da aka buga a gefen dama.

Ga misali. Baba yana da WBC 6,000, LYM kuma 50%. Rabin 6,000 nawa ne? 3,000. Lafiya lau, duk da hamsin ɗin ta yi kama da abin tsoro. Mama kuwa WBC nata 20,000 ne, LYM 40%, ya ba da 8,000. Nata ne ya hau, ko da yake kashinta ya fi ƙanƙanta. Kun ga abin da ya sa muke cewa a duba mai alamar #.

Ku sake nemo shi a takardarku. Wace alama ce a gefensa? Idan % ce, ba a kan layin kuke ba, ku matsa. Babu kunya a maimaitawa. Amma don Allah ku daina ganin 45 ku hana kanku barci, an faɗa an sake faɗa, kuma har yanzu wasu na zagaye lambar kashi da biro su kawo mini.

Darasi na 3: Idan ya wuce 4.0

Mura da sauran cututtukan bairos suna ɗaga adadin LYM, haka shan taba da cire saifa. Shi ya sa likita yakan ce a sake gwaji bayan wasu makonni. Ku koma. Kada ku ce ai kun ji sauƙi.

A dattijo, idan ya ƙi sauka, akan duba jinin da madubin likita, a yi wani gwaji na tantance irin ƙwayoyin. Ana neman wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya da ake kira CLL, wadda aka fi gano ta wajen shekara 70. Kafin a kira ta haka, sai ƙwayoyin iri ɗaya sun kai 5,000 kuma sun zauna wata 3. Da yawa ba a fara musu magani nan take, sa ido ake yi. Ku gaya wa likita idan akwai kaluluwa a wuya ko hammata, gumin dare, zazzaɓi ko rama.

Darasi na 4: Takardar hoton ciki

Wannan ba gwajin jini ba ne, amma idan an yi muku hoton ciki, takardarsa tana iya ambaton siffar matsarmama. Matsarmama jaka ce ƙarƙashin hanta mai ajiye ruwan ɗaci. Wani akan haife shi da ita a lanƙwashe a ƙarshenta, wani da guda biyu, wani tasa tana hagu, wani ma babu ita sam. Yawanci ba ta damun kowa. Idan za a yi muku aiki a ciki, ku nuna wa likitan fiɗa takardar.

Aikin gida: ku kwafi lambar LYM mai alamar # a littafinku.