Yadda Ake Sayen Turare a Dubai da Saudiyya Ba Tare da An Yi Asara Ba

Tun kafin ka tashi, ka san wa za ka yi wa tsaraba da abin da yake so: na fesawa, na mai, ko turaren wuta. Ka kuma leƙa kasuwa ka ji farashi a gida, domin Lattafa da Rasasi da Al Haramain sun cika shagunan Kano, wani lokaci ragin da za ka samu a can bai kai wahalar ɗaukowa ba.

Idan ka sauka, kada ka sayi komai ranar farko, zagaya tukuna. A Dubai ka nufi Deira, layin masu turare na kusa da kasuwar zinare, nan ake ciniki sosai, kada ka ji kunyar tayawa. A Makka da Madina kuwa, manyan shaguna irin Abdul Samad Al Qurashi da Arabian Oud farashinsu a rubuce yake, da tsada, amma hankali ya fi kwanciya. In kana ɗaure da harami ka janye hannunka. Yaran shago suna da sauri, kafin ka ce a'a an goga maka a bayan hannu, alhali turare haramun ne ga mai harami.

Sai gwaji, kuma nan aka fi faɗawa. Fara shinshinawa a takarda. Wanda ya kwanta maka ka sa a wuyan hannu, kada ka murza, ka fice daga shagon ka yi harkokinka na awa biyu ko uku. Ƙamshin da ya fara bugun hanci na ɗan lokaci ne, wanda ya rage bayan nan shi za ka zauna da shi. Kada ka wuce uku ko huɗu a zama ɗaya, hanci yana gajiya. Ka tuna kuma a cikin sanyin shago kake: turare mai nauyi da ya yi daɗi a can, a zafin Afrilu na Sakkwato hawa kai zai yi.

Na mai da tola ake auna shi, kusan mil 12 ke nan, akwai rabi akwai kwata. Ka tsaya a zuba a gabanka daga ainihin kwalbar da ka gwada. Man ud zalla, wato wanda ake tatsowa daga itacen ƙamshin nan na ud, yana da tsadar gaske, don haka wanda ya ce zai ba ka tola da kuɗin cin abincin rana, gauraye zai ba ka. Itacen ud kuma a ɗora maka guntu a garwashi. Mai kyau za ka ga mai yana tsattsafowa yana ƙananan kumfa, ƙamshin ya daɗe. Wanda aka jiƙa da turare aka rina, nan da nan ƙamshin zai gudu ya bar ka da ƙaurin itace.

Na kwali, duba lambar da ke gindin kwalba ta yi daidai da ta jikin kwalin. Mai alamar EDP, wato mai yawan man ƙamshi, ya fi mai EDT, mai ƙarancinsa, kama jiki.

Karɓi rasit. A Dubai harajin kaya kashi 5 cikin 100 ne, kuma ana mayar wa baƙo mafi yawansa in sayayyar ta kai dirhami 250. Sai dai ka ce a yi maka rajista da fasfonka tun a shago, a tantance a filin jirgi kafin ka miƙa akwati.

Wajen ɗaurin kaya, a jakar hannu kowace kwalba kada ta wuce mil 100. Sauran su shiga babban akwati, jimillarsu kada ta haura lita 2. Naɗe bakin kwalbar mai da salatif, ka sa a leda, ka cusa tsakiyar tufafi. Wanda ka saya a cikin filin jirgi ka bar shi a ledarsa a liƙe da rasit a ciki, musamman in za ka canza jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira.