Yadda za ka gano abin da ke damun laftof ɗinka kafin ka yarda a yi mata fomatin

Sau da yawa idan mutum ya kai laftof shagon gyara, kafin ya gama bayani sai ya ji an ce: "Oga, sai an yi mata fomatin." A goge komai, a sa sabuwar Windows, a karɓi kuɗi. Wani lokacin hakan yana warkar da ita. Amma in asalin cutar fanka ce da ƙura ta toshe, ko had-dis, wato ma'ajiyar fayiloli, ne ya tsufa, ko cajar ce ba tata ba, bayan mako biyu za ta koma gidan jiya, ga kuma furojet ɗin makaranta da hotunan biki sun tafi. Abin da ya kamata a fara rarrabewa shi ne: matsalar ta kayan jikin na'urar ce, ko ta manhaja ce? Kuma a fara da gwajin da ba ya cin ko sisi.

Mataki na 1: Ka yi Restart, ba Shut down ba

Mutane da yawa suna ɗauka kashewa gaba ɗaya ya fi wanke kwamfuta. Ba haka ba ne. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, akwai tsarin Fast Startup, wanda ke ajiye wani sashe na abin da ke gudana a kan dis idan ka danna Shut down, don ta yi saurin tashi. To in akwai direban da ya rikice, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na na'urar, da rikicinsa ake ajiye shi, da shi kuma ake dawo da shi. Restart ne ke tayar da komai daga tushe. Sauti ya ɗauke, Wi-Fi ya ɓace, firinta ta ƙi amsawa, linzami ya tsaya: fara da wannan, ka kuma cire duk abin da ke maƙale a ramukan USB.

Mataki na 2: Idan ta ƙi kunnawa

Nan ne aka fi tsorata, nan ne kuma aka fi yin asarar kuɗi a banza. Duba ƙaramar fitilar da ke kusa da ramin caja. In ba ta kama ba, canza soket, sannan ka duba igiyar da ke tsakanin bango da akwatin cajar, domin ita ce ta fi yawan sakwarkwacewa. Daga nan ka cire caja, ka cire batir in irin wanda ake cirewa daga waje ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, ka mayar da caja kaɗai, ka kunna. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a cikin bod, wato babban farantin lantarkin da ke cikin kwamfutar, kuma yana farfaɗo da kwamfutoci da yawa bayan wutar NEPA ko janareta ta yi musu wasa.

Caja tana buƙatar a tsaya a kanta. Juya bayanta ka karanta rubutun, ka gwada da wanda ke ƙasan laftof ɗin. Galibin na HP da Dell bolt 19.5 ne, na Lenovo bolt 20, ƙarfinsu kuma wat 45, 65 ko 90. Caja mai wat da ya fi wanda kwamfutar ke nema ba ta cutarwa in bolt ɗin ɗaya ne, amma mai ƙasa da shi za ta riƙa zafi, batir kuma ya ƙi cika. Cajojin HP da Dell masu zagayayyen baki suna da siririyar allura a tsakiya, wadda da ita kwamfutar ke gane cajar. In allurar ta karye, ko cajar jabu ce, kwamfutar za ta iya kamawa amma batir ba zai yi caji ba. Dell ma har rage gudun kanta take yi, sai mutum ya yi ta zargin bairos. In taka mai USB-C ce, kada ka yi tsammanin kowace cajar waya za ta ɗauke ta.

In kuwa fitilu sun kama, fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin, danna Caps Lock ka gani ko fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa. In tana yi, kwamfutar da ranta, allon ne ke da magana. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare, wannan yana sake tayar da direban hoto. Bai yi ba? Haska tocilar wayarka dab da allon. In ka hango hoto dishi-dishi, fitilar bayan allon ce ko igiyarta ta lalace. Sai ka haɗa ta da talabijin ta HDMI, ka danna Windows da P. Hoto ya fito a talabijin, to bod lafiya lau yake, kada kowa ya ce maka injin ya ƙone.

Idan fitilar Caps Lock ko ta caja tana ƙiftawa da wani tsari, ko kwamfutar na yin ƙara ɗiit-ɗiit, ƙirga sau nawa take yi, ka nemi ma'anarsa a shafin kamfanin da lambar samfurinka. Yawanci RAM, wato ɗan katin ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, ne ya motsa daga mazauninsa. A ciro shi, a goge bakin zinarensa da busasshen ƙyalle, a mayar har ya ce ƙas.

Mataki na 3: Ka bar kwamfutar ta binciki kanta

Wannan shi ne gwajin da ya fi raba gardama, kuma mutane kaɗan ne ke amfani da shi. Manyan kamfanoni sun saka manhajar gwaji da ke aiki tun kafin Windows ta tashi. A HP, da ka kunna ka yi ta danna Esc, sannan F2. A Dell, F12 ne, sai ka zaɓi Diagnostics. A ThinkPad da yawa na Lenovo, F10 ne. Sa ta gwada RAM da dis. In ta ba ka lambar kuskure, ɗauki hotonta da waya, ka san kayan jiki ne, fomatin ba zai yi komai ba. In komai ya tsallake, sai ka karkata ga Windows.

Haka ma kibod. In wasu haruffa sun daina aiki, jona kibod na USB. Ya yi aiki daidai, to na jikin ne ya lalace. In haruffa ne ke fitowa a matsayin lambobi, Num Lock ne kawai ya kunnu.

Mataki na 4: Idan ta yi nauyi

Danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe. Dubi ginshiƙai 3: CPU (furosesa, wadda ke sarrafa duk aikin kwamfuta), Memory da Disk. Wanda ya tsaya kusa da kashi 100 shi ne mai laifi, danna kansa zai jero maka manhajar da ta fi ci.

In Disk ne ke kan 100 kullum alhali ba ka yin komai, duba Performance ka ga ko HDD aka rubuta ko SSD. Tsofaffin laftof tokunbo da yawa da HDD suke zuwa, wato faifai mai juyawa da allura, kuma Windows 10 da 11 suna wahalar da shi ƙwarai. A ganina, cikin duk kuɗin da mutum zai kashe wa tsohuwar laftof babu wanda ya kai sayen SSD riba, wato dis mai sauri wanda ba shi da faifai mai juyawa. Ko mai giga 256 ne, kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta tashi za ta koma tashi cikin daƙiƙoƙi. In kuma kana jin had-dis ɗin na yin ƙas-ƙas-ƙas, bar duk wani gyara, kwashe fayilolinka yau ɗin nan.

In Memory ne ya cika, RAM ne ya yi kaɗan. Giga 4 shi ne mafi ƙarancin da Windows 11 ke karɓa, amma Chrome da shafuka goma sun isa su cinye shi. Giga 8 ne ake samun sukuni da shi. Kafin ka saya, tabbatar ko DDR3 ne ko DDR4, kuma ko akwai gurbin ƙari, don wasu sirara an like musu RAM a jikin bod.

Sannan a cikin Task Manager shiga Startup apps ka kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da kwamfutar. In an jibga maka maganin bairos guda 2, ko wanda wa'adinsa ya ƙare, cire su. Windows Security da ke zuwa da Windows ya isa mai amfanin yau da kullum.

Mataki na 5: Zafi da batir

Kwamfutar da ke aiki lafiya na minti 20 sannan ta fara ja, fanka na ihu, daga bisani ta mutu da kanta, zafi ne ke damunta. Furosesa tana rage gudu idan ta doshi digiri 100, in abin ya ƙi sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Mu kuma ƙurar hunturu ta cika mana fanka, sannan bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram. Ƙari a kan haka a ɗora ta kan katifa ko filo, a toshe ramukan iskar da ke ƙasa. Ɗora ta kan teburi ko faranti, ka ɗan ɗaga bayanta. Don sharewa, kashe ta, cire caja, tokare fankar da tsinken sakace don kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima, sannan ka hura iska ta ramukan. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, ya dace a buɗe ta a share sosai. In ta shekara da yawa, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, don bushewa yake yi.

Batir kuwa ba sai an yi ta hasashe ba. Buɗe Command Prompt, wato baƙin akwatin rubuta wa Windows umarni, rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe fayil ɗin da zai nuna maka. Kwatanta Design capacity da Full charge capacity: na farko ƙarfinsa yana sabo, na biyu abin da ya rage. In ya faɗi ƙasa da rabi, ya gama yayi. Wannan gwajin ka yi shi a gaban mai kaya duk ranar da za ka sayi tokunbo. Idan kuma ka ga wurin linzami ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. Daina caji nan take, kada ka matsa shi ko ka huda shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Mataki na 6: Idan Windows ce ta rikice

Shuɗin allo yana zuwa da sunan kuskure a ƙasa, ɗauki hotonsa. Ka tambayi kanka me ya canza kafin a fara: sabuwar manhaja, sabon direba, ko sabuntawar Windows? Riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka zaɓi Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai. In ta zauna lafiya a can, abin da ka saka ne, cire shi. In Windows ta ƙi tashi kwata-kwata, kashe ta da maɓalli tana cikin tashi, sau 2 ko 3 a jere, za ta kai ka shafin gyara da kanta, inda akwai Uninstall Updates da System Restore.

Don gyara fayilolin Windows da suka lalace, wanda yawan ɗaukewar wuta ke jawowa ga mai mataccen batir, buɗe Command Prompt ta Run as administrator, ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, in ya gama ka bi shi da sfc /scannow. Na farkon yana son intanet.

Game da intanet ɗin: duba ko Airplane mode ya kunnu. In laftof ba ta ganin hotsifot ɗin wayarka alhali tana ganin na wasu, mayar da shi kan 2.4 GHz a saitin wayar, don tsofaffin katunan Wi-Fi ba sa ganin 5 GHz. In ta haɗu amma kowane shafi na cewa ba shi da tsaro, dubi kwanan wata. Agogon da ke komawa baya duk sanda aka kunna alama ce ta ƙaramin batirin bod ya mutu. Ka kuma kunna Metered connection a kan hotsifot ɗin, in ba haka ba Windows za ta shanye datarka da sabuntawa.

Akwai kuma tsohon bairos ɗin nan da ake kwasowa a wuraren buga takardu, wanda ke mayar da fayilolin filashi zuwa shotkot. Ba gogewa ya yi ba, ɓoyewa ya yi. Kada ka danna ko ɗaya. Bincike filashin da Windows Security, sannan a Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sa harafin filashinka a madadin E.

In duk wannan bai yi ba, kafin fomatin akwai Reset this PC, ka zaɓi Keep my files. Manhajoji za su tafi, fayiloli su tsira. Ka sani kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wato wani tsarin tsaro a jikin na'urar, kuma in furosesar ta Intel ce, ta ƙarni na 8 zuwa sama. Tsohuwar laftof da ba ta cika sharaɗin ba, Linux Mint, wadda ake sawa a madadin Windows, na tafiya da ita sumul in aikinka rubutu ne da intanet.

Abin da sai mai gyara

Ramin caja da ya sakwarkwace, maƙalar allo da ta karye, bod da ya ƙone, da ruwa ko shayi da ya zube ciki, waɗannan ba na gida ba ne. Na ruwa, kashe ta nan take, cire caja, kife ta a buɗe, kada ka gwada kunnawa don ka gani. Shinkafar da ake cewa a binne ta a ciki ba ta tsotse ruwan da ya shiga ƙarƙashin bod, sai an buɗe an wanke.

Kafin ka miƙa ta, kwafe fayilolinka a wani wuri. In dis ɗinka na da kullen BitLocker, wato kullen tsaron da Windows ke sa wa fayiloli, shiga asusunka na Microsoft ta waya ka kwafo mabuɗin mai lambobi 48, don canza bod na iya sa ta tambaye shi. Ɗauki hoton girman RAM da dis daga Task Manager, ka faɗa wa mai gyaran gwaje-gwajen da ka yi da lambar kuskuren da ka samu, ku yi ciniki tun kafin ya kwance sukuru, sannan ka ce a dawo maka da duk tsohon kayan da aka cire.