Yadda Ake Tattara Tarihin Makarantar Sakandaren Gwamnati da Bayanin Kayan Aikinta

Duk wanda aka ɗora wa nauyin rubuta tarihin sakandaren gwamnati da ke ɗaukar ɗalibai daga garuruwa da dama, abu na farko da zai sha masa kai shi ne shekarar kafuwa. Yawanci ranaku uku ne ke takara: ranar da hukuma ta amince a buɗe makarantar, ranar da rukunin farko na ɗalibai suka zauna a aji, da ranar da aka tare a mazauni na dindindin. A rubuta ukun, a faɗi wadda makarantar ta ɗauka. Idan kuma ƙananan makarantu aka haɗe wuri guda aka samar da ita, to a bi asalin kowacce. Suna ma yakan ruɗar da mai bincike: makarantar English High School ta birnin Boston a Amurka, wadda aka buɗe a 1821, da sunan English Classical School ta fara, sai a 1824 aka canza mata suna.

Daga nan sai a nemi izinin shugaban makaranta a shiga ma'ajiyar takardu. Rajistar ɗaukar ɗalibai ita ce uwa, domin a shafinta na farko za a ga ɗalibi mai lamba 1 da ranar shigarsa, kuma wannan ya fi tunanin kowa ƙarfi. Bayanta sai littafin da shugaba ke rubuta al'amuran yau da kullum, wanda a Ingila tun 1862 aka wajabta ajiye irinsa a makarantun da ke karɓar tallafin gwamnati. A cikinsa ne ake tsintar ranar da iska ta yaye rufin wani aji, ko ranar da sufeto ya kawo ziyara. A ɗauki hoton kowane shafi kafin a juya shi, saboda tsohuwar takarda ba ta jure taɓawa.

Tsofaffin ɗalibai da malaman da suka yi ritaya suna da labari mai daɗi, amma a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, domin in aka tara su, mai babbar murya kan rinjayi sauran. Shekarar da suka ambata a gwada ta da rajista.

Wajen kayan aiki kuwa, a guji kwafe jerin da ke ofis, a taka da ƙafa a gani. Lissafi biyu ake yi, abin da ke akwai da abin da ke aiki. A ɗakin gwaje-gwaje a murɗa famfo a ga ko ruwa na zuwa, a leƙa madubin ƙara girman abu a ga ko gilashinsa bai yi hazo ba. A ɗakin kwamfuta a kunna kowacce a ƙirga waɗanda suka tashi. A laburare a buɗe littattafai goma a duba hatimin aro na ƙarshe, wanda a ganina ya fi yawan kantoci bayyana gaskiyar wurin. Sai a ƙirga ajujuwa da kujeru da makewayi, a raba da yawan ɗalibai, a auna filin wasa, sannan a sa kwanan watan ziyarar a saman takardar, tunda ginin da aka gani bana yana iya sauyawa baɗi.